Layin da Ba a Gaisawa

A shekarata ta biyu a jami'a a Amurka, da hutun tsakiyar zango na watan Maris ya matso, kowa a ɗakunan kwana ya fara zancen inda za shi. Masu hali za su bakin teku su sha rana, sauran za su gidan iyayensu. Ni ba ni da ko ɗaya. Kano ta yi nisa, garin da jami'armu take kuma ƙauye ne da ƙanƙara ba ta sakinsa sai ta ga dama. Sai na ga sanarwa a bango ana neman ɗalibai goma sha biyu da za su je New York aikin sa kai na mako guda, a wani wurin raba abinci ga mabuƙata. Mota kyauta, makwanci kyauta. A takardar neman shiga an tambayi dalilina, na cika shafi guda da zancen tausayi da yadda aka raine ni a kan taimakon na ƙasa. Gaskiyar magana ita ce New York nake son gani, kuma na ji an ce irin wannan aikin yana ƙara wa takardun mutum kyau.

Da na faɗa wa babana ta waya, bai ma tambayi irin aikin ba. Abin da ya ce kawai shi ne in na shiga garin, kafin in yi komai in je in gaida Baffa. Baffa ba ɗan'uwansa na jini ba ne, abokinsa ne tun firamare, tare suka yi tallar yadi a Kantin Kwari kafin ya samu hanyar fita ina ɗan shekara uku. A unguwarmu Alhajin Amurka ake ce masa. Ya daɗe yana tuƙa motar wani ofishin jakadanci, kuma duk zuwan da zai yi gida akwatunansa sai an ɗauko musu mota ta daban. Shi ya rufa wa masallacin layinmu kwano, shi ya kawo mini agogon hannun da na fara ɗaurawa a duniya. A lokacin rabonsa da gida ya kai shekara bakwai, ana cewa aiki ne ya riƙe shi. Babana ya turo mini lambarsa har sau biyu. Na ce to, a raina kuwa na tura ziyarar zuwa ranar ƙarshe, don ba na son in tsaya gaban mutum kamar Baffa in ce masa a coci nake kwana, ina raba wa mutane shinkafa.

Mun isa ranar Lahadi da yamma. Cocin yana Bronx, a wani lungu bayan Fordham Road. A zauren sama muka shimfiɗa barguna a ƙasa, ɗakin ƙasan ginin kuma nan ne rumbun abincin, inda ake rabo ranakun Talata da Alhamis da Asabar. Shugabar tafiyarmu wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, farar yarinya mai kirki da saurin hawaye. Mai kula da wurin kuma wata dattijuwa ce baƙar fata, haifaffiyar garin, mai furfura, wadda ba ta dariya a banza. Ranar Litinin ta tara mu ta jera mana dokoki: a wanke hannu, a sa safar hannu, ban da ɗaukar hoto, ban da tambayar mutum sunansa ko abin da ya kawo shi. A ƙarshe ta ce idan ka ga wanda ka sani a layi, to ba ka san shi ba, sai in shi ya fara nuna ya san ka.

Ni a lokacin iyayi gare ni, kuma ba ƙarami ba. Ni kaɗai ne ɗan Afirka a cikin ayarin, don haka na naɗa kaina malamin talauci da zumunci da duk abin da ya shafi ɗan Adam. A wurin cin abincin yamma na ce musu wannan doka ta ƙarshe sanyin zuciyar Amurkawa ce kawai. Na ce a wurinmu ka wuce wanda ka sani ba ka gaishe shi ba, gara ka mare shi. Suka yi ta gyaɗa kai, wata har da rubutawa a ɗan littafinta. Ina son wannan gyaɗa kan nasu fiye da yadda zan iya faɗa.

Ranar Talata tun kafin a buɗe ƙofa layi ya miƙe har ya karya kwana, mutane sun ƙudundune cikin rigunan sanyi, kowa da 'yar amalankensa ta cefane. An sa ni a teburin shinkafa da taliya: in tambayi mutum wanne yake so, in miƙa masa, ya wuce teburin gwangwanaye. Ba a jima ba na fara ganin fuskokin gida. Ga mai zane a kumatu, ga mai hula ƙube a ƙarƙashin hular sanyi. Akwai wata gajeriyar hajiya da lalle a hannu wadda da kunnena na ji tana waya da Hausa a waje lokacin da na fita zubar da kwalaye. Da ta iso gabana na washe baki na ce sannu Hajiya, ina kwana. Ta dubi shinkafar, ta yi godiya da Turanci, ta wuce. Na gwada da mutum uku bayanta, duk haka. Abin da ya fi ba ni haushi, su kansu ba sa gaisawa da juna. Ga Bahaushe a gaban Bahaushe, kowa ya kafa wa ƙeyar na gabansa ido.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce lallai an zo Amurka an ga fitilu, an fi ƙarfin harshen uwa. Da yamma na bayyana wa 'yan ayarinmu cewa haka zaman ƙasar waje yake yi wa mutum, yana cinye masa asali. Suka sake gyaɗa kai. Laraba muka sauke kaya daga mota da safe, aka ba mu yamma hutu. Da na ga dama a ranar zan kira Baffa, amma sai na bi su Canal Street ina taya su cinikin jakunkuna da tabarau, ina nuna musu yadda ake karya farashi.

Ranar Alhamis, wajen ƙarfe sha ɗaya, na hango wani dogon dattijo a layi, da takunkumi a fuska da hular hana sallah da ya ja har gira. Ban gane shi da fuska ba. Hannunsa na gane, wanda yake riƙe da amalanken: zoben azurfa mai jan dutse, da ɗan yatsan da ya lanƙwashe tun wani hatsarin babur da suka yi da babana suna samari. Wannan hannun ya sha shafa mini kai. Shi ma ya gan ni, ba ni da shakka, don ni da babana kamar an tsaga kara muke. Ya juya ya fuskanci bango yana karanta wata takarda da aka manna, wadda da harshen Sifaniya aka rubuta ta. Da layi ya kawo shi gabana, bai ɗago ba. Ya nuna shinkafa da yatsa, ya ce da Turanci wannan yake so.

Yau na san hanya ya ba ni. Abin da ya rage mini kawai in miƙa masa shinkafar in ce na gaba. Amma ni a lokacin abin da na gani shi ne aminin ubana a tsaye, ni ma a tsaye, ga kuma 'yan ayarinmu da na kwana uku ina yi wa lacca a kan gaisuwa. Na cire safar hannu, na zagayo teburin, na durƙusa har ƙasa a kan simintin nan mai sanyi.

"Baffa, ina kwana?"

Dattijo irin Baffa ba zai bar yaro a durƙushe ba tare da ya amsa ba, ko da a ina ne. Ya janye takunkumin, ya ce lafiya lau. Ni kuma na ci gaba kamar a zauren gidanmu muke: ya gida, ya sanyi, ya ƙarfin jiki, babana yana gaishe ka, Umma ma tana gaishe ka. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, ya tambayi karatu, ya sa mini albarka. Fuskarsa ta faɗa, idonsa na hagu ya yi fari-fari. Mutanen da ke bayansa kowa ya sami abin kallo, wani rufin ɗaki, wani igiyar takalminsa.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na ɗaga hannu na kira shugabar tafiyarmu, na gabatar mata da shi da ƙarfi, na ce wannan kamar uba yake a wurina. Nan take idonta ya kawo ruwa. Ta ruga ta ɗauko masa kujera, kujerar da babu wani a layin da aka ba. Baffa ya ce a'a, ya gode, ai abincin ba nasa ba ne, wani maƙwabcinsa tsoho ne ba shi da lafiya ya zo karɓar masa. Ni sarkin fahimta na ce ai ba komai Baffa, a nan ba a tambayar kowa. Na ƙara masa shinkafa biyu a kan ƙa'ida. Na bi shi teburin nama ina sanar da mai rabon cewa wannan ba ya cin irin naman nan, a ba shi kifi. Na ƙwace amalanken daga hannunsa na haura da ita matattakala, yana biye da ni hannu rabbana, a gaban duk mutanen da ke jira a waje. A bakin titi ya karɓi abinsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya tafi bai waiwayo ba.

Da na sauko, mai kula da wurin ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na ji abin da ta faɗa ranar Litinin. Na ce na ji, amma wannan al'adarmu ce, ba lallai ta fahimta ba. Sannan ta ce mutumin nan ya kusan shekara biyu yana zuwa bai taɓa fashi ba, mu ga ranar Asabar.

Kullum bayan abincin yamma muna zama a da'ira kowa ya faɗi abin da ya taɓa zuciyarsa a ranar. A wannan yammacin babu wanda ya so ya yi magana kafin ni. Na ba su labarin Baffa tun daga Kantin Kwari: akwatunan, kwanon masallaci, agogon, sunan da ake kiransa da shi a unguwa, sannan yau ga shi a layi da amalanke. Na iya ba da labari, na san inda zan dakata in yi ajiyar zuciya. Mutum uku suka yi kuka. Wani ya dafa kafaɗata ya ce abin da na yi shi ne mafi kyawun abin da ya gani a duk tafiyar. Wannan zaman shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk makon, har ya fi durƙuson, don a durƙuson akwai ɗan ladabi na gaske a ciki. A da'irar kuwa asirin mutumin da ya shafa mini kai na shimfiɗa wa baƙi goma sha ɗaya don a yaba mini, kuma na kwanta ina jin daɗin kaina.

Ranar Asabar na ware masa jaka tun da safe, na zuba shinkafa da man girki da kifin gwangwani da madara, na ɓoye a ƙarƙashin teburina. Duk dogon mutumin da ya sauko matattakala sai in ɗago in dube shi. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce, layi ya fara sirancewa. Mai kula da wurin ko kallona ba ta yi ba. Kusan a ƙarshe gajeriyar hajiyar nan mai lalle ta iso. Ta karɓi shinkafarta, sannan ta ce da Turanci gwiwarta na ciwo, in taimaka mata da amalanke zuwa sama.

Da muka fito ba ta karɓa ba, ta yi gaba ina binta. Muka wuce gine-gine biyu, muka karya kwana wajen wani shagon wankin kaya. A nan na ga abin da ban taɓa tsammani ba. Mutanen nan da suka tsaya a layi kamar ba su taɓa ganin juna ba, ga su a tsaye suna musabaha, an lulluɓe amalanku da baƙar leda ko tsohon zane. Ana ina wuni, ana ya iyali, ana ya muka ji da sanyi, wani yana tsokanar wani a kan ƙwallo. Mai zane a kumatun nan yana tambayar wani daga ina haka, shi kuma yana cewa wallahi daga ɗan cefane. Kowa ya san inda kowa ya fito, minti biyar da suka wuce suna gaba da baya.

Hajiyar ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. Hausarta ta mutanen Kumasi ce, mai kaifi.

"Kai yaro, wa ya aike ka? Ka ga an yi shiru, ba ka tambaya me ya sa an yi shiru? Ba ka da hankali kraa, ko kaɗan."

Na fara cewa ai gaisuwa ce kawai, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ita aikin kula da tsofaffi take yi a gidaje, shekararta ashirin da wani abu a garin, kuma duk wanda na gani a layin nan yana da mutane a gida da suke kallonsa a matsayin bango. Ta ce tun ranar da Alhaji ya fara zuwa suka gane shi, akwai ma waɗanda shi ya ɗauko su daga filin jirgi ranar da suka sauka a ƙasar, ya kwanar da su a ɗakinsa. Ciwon suga ya taɓa masa ido, tuƙi ya gagara. Shekara biyu suna haɗuwa da shi a masallaci ranar Juma'a suna ba shi sahun gaba, suna haɗuwa da shi a layi ba su gan shi ba. Shi ma ya san sun sani. Muddin ba a furta ba, kowa zai iya dawowa jibi.

"A can ciki ba mu san juna ba. Nan ne muke gaisuwa," in ji ta. "Yanzu kai ka kira shi a gaban kowa, ka sa mun gan shi. Ta ina zai sake shiga?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tuna abin da na faɗa a kanta ranar Talata, cewa ta fi ƙarfin harshen uwarta, alhali ita rufa wa kanta da jama'arta asiri take yi. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ta karɓi amalankenta, ta shiga cikin masu gaisawa ta bar ni a tsaye da rigar jami'a mai ruwan lemo.

Na koma na ɗauki jakar da na ware, na cusa ta a jakar goyona, na nemi izinin fita. A bakin cocin na kira lambar da babana ya turo mini tun kafin mu taso. Baffa ya ɗauka da fara'a, ya ce wane irin ɗa ne wannan da zai shigo gari bai nemi ubansa ba. Ya yi maganar kamar rabonsa da ni tun ina ɗan sakandare. Ya kwatanta mini bas ɗin da zan hau zuwa Parkchester, ya ce kada in ci komai a hanya.

Gine-ginen jan bulo ne masu kama da juna, sai da na ɓata sau biyu. Ɗaki ɗaya yake haya a wani gida da yake zaune da wasu 'yan Nijar biyu masu tuƙin tasi. Ya buɗe mini ƙofa cikin farar shadda da ta sha guga, da hula zanna, ƙamshin turare na tashi. Ɗakin tsaf, gado da darduma da kujera ɗaya, wadda ya tilasta mini zama a kai. A kan ɗan tebur ga robobin abinci daga wani gidan abincin 'yan Gana: shinkafa da wake, naman rago, soyayyar ayaba, har da lemon kwalba. Na san abin da irin wannan abincin yake ci wa mutum a garin nan, na kuma san saboda ni aka saye shi. Ya ce shi ya riga ya ci. Ya zauna a bakin gado yana kallona, yana cewa in ƙara, ɗan makaranta ba ya ƙoshi. Na ci, ga jakar goyona jingine da ƙafata.

Mun yi hira ta fi awa biyu. Ya tambayi mutanen unguwa gida-gida, wa ya rasu, wa ya yi aure, ko har yanzu mai shayin bakin masallaci yana nan. Ya ba ni labarin yadda shi da babana suka taɓa kwana a tashar mota a Legas da dilar yadi a matsayin matashin kai, ya yi dariya har da tari. Ranar Alhamis ba ta shigo zancen ba ko da kuskure. Sau biyu na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai in ga ba ni da hanyar yin haka ba tare da na sake tona abin da yake ta binnewa a gabana ba. Can ya ce in kira masa babana ta bidiyo. Ya gyara hula, ya matso kusa da ni, ya sa aka ga teburin abincin. Babana ya yi ta murna, yana cewa Alhaji ka ga ɗanka ya zama saurayi, yaushe za ka zo mana. Baffa ya ce sai aiki ya ɗan lafa, in sha Allahu.

Da la'asar ta yi muka yi sallah tare, na ce zan koma. Ya ɗauko kwalbar turare da ledar dabino ya ce in riƙe, ba a zuwa wurin uba a koma hannu rabbana. Da ya shiga kewaye, na yi sauri na zaro jakar abincin na tura ta bayan ƙofa, inda rigunansa suke rataye. Na ɗauka dabara na yi. Ya fito ya ce zai raka ni, na ce ya bari akwai sanyi, ya ce in yi gaba yana zuwa.

Ina tsaye a tashar bas a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba shida na hango shi yana tahowa a hankali, ya ɗora rigar sanyi a kan shaddar, yana laluben gefen hanya da ƙafa saboda idon. Jakar tana hannunsa. Ya iso ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"Ka manta kayanka, ɗana."

Ya riƙe jakar a miƙe har sai da na karɓa. Jirgi ya wuce ta samanmu, muka jira ƙararsa ta lafa. Sannan ya dafa kaina da wannan hannun mai zobe.

"Babanka ya yi tarbiyya. Yaran yanzu ba su iya durƙusawa ba. Ka ce masa ka same ni lafiya."

Ban san ko yabo ne ko faɗa ba, har yau ban sani ba, kuma ina jin duka biyun ne. Bas ya zo na shiga. Ta taga na ga ya tsaya har muka karya kwana.

Da na koma cocin na mayar da shinkafar da man da gwangwanayen kan kantocinsu ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da wurin tana nan tana share ƙasa. Na ba ta haƙuri, ta ce ba ita na yi wa ba. Na roƙe ta in ya dawo ta sanar da ni, ta yi mini alkawari, na rubuta mata lambata a bayan wani kwali. Washegari muka shiga mota. A hanya aka sake yin da'irar ƙarshe daga kujera zuwa kujera, da aka zo kaina na ce kaina ke ciwo. Da muka koma jami'a aka ba kowannenmu takardar yabo, shugabar tafiyar kuma ta nemi in rubuta labarin Baffa a mujallar ɗalibai. Na ƙi, ta yi mamaki, ban yi mata bayani ba.

Babana ya tambaye ni yadda na same shi, na ce lafiya lau, yana cikin rufin asiri. Ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Na riƙa kiran Baffa lokaci-lokaci, kullum da fara'a yake ɗauka, kullum komai lafiya, sai godiya. Ba ni da bakin tambayarsa abin da ya ci.

Dattijuwar nan mai kula da wurin ta cika alkawari. A ƙarshen watan ta turo mini saƙo cewa bai zo ba. Bayan wata biyu na tambaya, ta ce bai zo ba. Da sanyi ya sake shigowa na ƙara tambaya, ta ce hajiyar nan ta gwada karɓar masa ta aika masa ta hannun 'yan Nijar ɗin, ya dawo da shi ya ce an yi kuskuren ƙofa. Ni kwana bakwai na yi a wurin na tafi abina. Shi bai sake taka matattakalar nan ba.